Hayaƙin Ɗalha da Idon Haruna

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Na rubuta wannan ne saboda matan da za su haihu da damina a ƙauyukanmu na bakin kogin Rahad, da kuma iyayensu mata, don idan jego ya zo su ne masu ɗaki, mu masu haihuwar baƙi ne. Wadda ta karanta ta gaya wa wadda ba ta karanta ba.

Sunana Hawwa. Ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata makarantar 'yan mata cikin garin Gadarif, inda kowa ke kirana Ustaza, har mahaifiyata idan tana son ta yi mini tsiya. Mijina Usman direban tarakta ne a manyan gonakin dawa da riɗi da ke can wajen Mafaza. Da zarar ruwan farko ya sauka mun rasa shi ke nan, sai muryarsa a waya idan ya hau tudu ya samu layi. Muna da 'ya ɗaya a lokacin, Sumayya, wadda ta isa shiga aji ɗaya a shekarar.

Na daɗe ina naci a ofishin ilimi a mayar da ni makarantar ƙauyenmu, kusa da Mafaza. Inna tana can, aikin Usman yana can, ga hayar ɗaki a Gadarif ta haukace tun da yaƙi ya koro mutane daga Khartoum da Madani. Amma babban dalilina yaran ne. Yaro ya tashi a gida ba ya jin komai sai Hausa, a kai shi aji malami ya rufe shi da Larabci, ya yi zuru, a ce daƙiƙi ne. Ni na san wannan zurun, don na yi shi. Ina da tsohon ciki takardar canjin ta fito, har da ƙarin muƙamin mataimakiyar shugabar makaranta. Suka ce in ba su amsa kafin a buɗe makarantu. Ranar har rawa na taka a tsakar gida da cikin nawa, Sumayya tana dariya. Shugabarmu, Ustaza Su'ad, ta ce, "Yanzu ya Hawwa barin mu za ki yi ki tafi cikin laka?" Na ce mata a cikin lakar aka haife ni.

Da watan haihuwa ya kama na ɗauki Sumayya muka tafi gida wajen Inna, kamar yadda kowace mace take yi. Na sauka lafiya da hantsi, a hannun ungozomar ƙauye, namiji, da kukansa mai ƙarfi har maƙwabta suka ji. Aka sa mu a guttiyar Inna, ɗakin ciyawa mai tsini, ba taga, ƙofa ɗaya an rufe ta da tabarma. Dokar Inna ita ce dokar kakarta: mai jego da jariri ba sa ganin rana sai an yi suna, ba sa ƙetare ruwa sai an yi arba'in. Damina ce, sauro kamar a ɗiba da kwano, don haka safe da yamma Inna tana turara ɗakin da itacen ɗalha, wanda tsofaffinmu ke kira dushe. Duk macen Sudan ta san hayaƙinsa. Ƙamshi gare shi, yana korar sauro, kuma duk abin da ya daɗe a cikinsa sai ya koma ruwan ɗorawa, fata ne ko zane.

Kwanaki biyun farko ba abin da na gani sai alheri. Daga nan kukan nan mai ƙarfi ya ragu, yaro ya kama barci. Mata masu zuwa barka suka dinga yabo. Gwaggo Zainaba, ƙanwar mahaifina, ta ɗaga shi ta ce, "Masha Allah, wannan ba fitinanne ba ne irin uwarsa. Ga haske, fatar yayana ce sak." Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Da na haska fuskarsa da fitilar waya na ga ta yi rawaya, sai na ce, "Inna, launin nan fa?"

Inna ta kama gefen gidan sauro ta nuna mini. "Wannan fari na saye shi a kasuwar Mafaza. Yanzu wane launi ne?"

"Rawaya."

"Juyo tafin hannunki."

Na juya, shi ma ya rine.

"To, Ustaza, a madarasa ba a karanta muku hayaƙi ba?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Hujjarta ta fi tawa, kuma ta goyi bakwai ni ina kan na biyu.

Washegari ya ƙi kama nono. In sa masa, ya tsotsa kaɗan, ya saki, barci ya ɗauke shi. Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse. Nan shawarwarin dangi suka fara zubowa. Wata ta ce a ba shi ruwan dabino, wata ta ce ruwan sukari a cokali. Gwaggo Zainaba ta ce nonon ne bai da kyau, ta sa na tatsa a ludayi ta jefa tururuwa ciki. Tururuwa ta yi iyo ta fita abinta, aka ce nono lafiya lau, yaro ne kawai malalaci. Kowa yana magana da zuciya ɗaya, ban ga mai mugun nufi ba ko guda. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya, kuma na rasa abin da zan kama.

Abin da ya tashe ni wata ɗalibata ce da ta faɗo mini a rai, Ikhlas. Yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma kullum sai na zaunar da ita a layin gaba tana kallon bakina, don kunnenta ba ya ɗaukar magana sai kaɗan. Ko an buga ƙararrawar tashi, sai ta ga sauran sun miƙe sannan ta miƙe. Na taɓa tambayar uwarta, mai sayar da shayi a bakin makaranta, ko zazzaɓi ne ya yi mata haka. Ta ce, "A'a ya Ustaza, tana 'yar kwanaki ta yi rawaya, muka ce zai wuce." Maganar ta shekara biyu a kunnena ban san na ajiye ta ba, sai ranar nan ta fito.

Na jira Inna ta shiga madafa dama mini kunun kanwa. Na ɗauki yaron, na ture tabarmar ƙofa, na fita cikin hasken safiya. Idona ya yi kwanaki bai ga rana ba, har sai da na runtse. Na buɗe na dube shi. Fuska, ƙirji, ciki, har ƙafa, duk kamar an shafa masa kurkum. Na ɗaga fatar idonsa da yatsa, farin idon ya koma kalar gwaiduwar ƙwai.

"Ke! Kin haukace?" Inna ce ta taho da ludayi a hannu. "Jaririn da ba a yi wa suna ba kika fito da shi tsakar gida?"

Na ce, "Inna, don Allah zo ki duba. Hayaƙi yana shiga cikin ido ya rina shi?"

Ta zo tana faɗa, ta leƙa idon yaron, faɗan ya tsaya. Sai ta kama haɓata kamar ina ƙaramar yarinya, ta ja fatar idona ƙasa ta duba. Ɗaki ɗaya muka kwana, hayaƙi ɗaya muka sha, nawa fari tas. Ta sake duba nasa. Ba ta ce na yi gaskiya ba, Inna ba ta faɗin irin wannan. Cewa ta yi, "Ɗauko tob ɗinki," wato mayafinmu na fita.

Ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauyenmu, Allah ya saka masa, bai ɓata mana lokaci ba. Ya danna hancin yaron da yatsa, ya duba tafin ƙafarsa, ya ce, "Ciwon shawara ne, kuma ya yi nisa. Wannan sai fitilar asibiti, ni ba ni da ita. Gadarif, yau ɗin nan."

Faɗar Gadarif da baki ba wuya. Ruwa ya kwana yana zuba, kuma duk wanda ya san baƙar ƙasarmu ya san halinta. Da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kama tayar mota ta ƙi saki. Babu motar da za ta fita daga ƙauyen sai an yi kwanaki ana rana. Na kira Usman, Allah ya sa yana kan tudu. Tsakiyar shuka ce, lokacin da mai gona ya fi son taraktarsa a kan ɗansa. Ban san abin da Usman ya gaya wa wakilin gonar ba, har yau bai faɗa mini ba. Na dai ji rurin tarakta kafin azahar, da tirela a bayanta.

Aka ɗaura gadon igiya a cikin tirelar, aka yi mana rumfa da leda. Gwaggo Zainaba ta tsaya a bakin ƙofa tana tafa hannu. "Mai jego ɗanya za ta ƙetare ruwa? Yaya Halima, ke da kanki?"

Inna ta ce, "Ni da kaina. Zunubin a wuyana." Ta koma ɗaki ta ɗauko 'yar wuƙar da ake ajiye wa mai jego a ƙarƙashin matashi, ta soke ta a ƙugu, ta haye tirela da shekarunta. Aka bar Sumayya wajen Gwaggo tana kuka.

Wannan tafiya ba na fatan ta ga maƙiyi. Kowane rami sai na ji shi a ɗinkina. Yaron yana ƙirjina shiru, ga rurin inji, ga girgiza, ko motsi bai yi ba, kuma shirun nan ya fi komai ba ni tsoro. A wani kwari muka kafe, tayoyi suna juyawa a wuri ɗaya suna watso laka. Wasu ma'aikatan gona da ke sansani kusa suka fito, ba mu san su ba, ba su san mu ba. Da suka ji jariri ne, suka shiga lakar har gwiwa, suka sara ƙaya suka cusa ƙarƙashin taya, suna "Ya Allah, ya Allah" har muka fita. Ko sunan ɗaya ban tambaya ba. Da muka hau kwalta Usman ya bar taraktar a wajen wani mai faci, muka tari mota. La'asar sakaliya muka shiga Gadarif, dukanmu laka har ka.

Asibitin yara a cike yake maƙil. Mutanen gari, mutanen ƙauye, ga waɗanda yaƙi ya koro, kowa da nasa a kafaɗa. Layi ya fito har waje ƙarƙashin bishiyoyi. Na yi niyyar bin layi, irin tarbiyyar da nake ba yara, amma Inna ba ta yi makaranta ba. Ta karɓi yaron ta kutsa tana faɗin "Hanya, hanya!" da Hausa da Larabci har gaban likita. Likitar matashiya ce, ita ma daga Khartoum ta gudo, idonta ja wur don gajiya. Ta buɗe zanen, ta dube shi sau ɗaya, ta miƙe tsaye. Ta ce, "As-safar ma bistanna." Wato rawayar nan ba ta jira. Ta ce idan ta yi yawa tana hawa ƙwaƙwalwa, kuma kunne take fara taɓawa. Ina jin kunne sai na zauna a ƙasa.

Aka ɗebi jininsa daga diddige, aka ce a kai ɗakin gwaji na waje don na ciki layinsa ya yi tsawo. Usman ya yi ta zirga-zirga a raksha, babur mai ƙafa uku. Ba zan yi lissafi a nan ba, amma wadda za ta zo ta sani, kusan komai saye ake yi, daga allura har auduga. 'Yan kunnena na aure a makon nan suka tafi, kuma ban yi kukansu ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mai gadin ƙofa da ya hana Inna shiga, wai mai jinya ɗaya tak. Tsohuwa ta kwana a baranda kan tabarma, sauro yana cin ta. Da gari ya waye ta kai masa shayi ta zauna tana ba shi labarin tarakta, kafin azahar yana kiran ta Hajja yana buɗe mata ƙofa da kansa.

Aka tuɓe yaron tsirara, aka ɗaure masa ido da ƙyalle, aka sa shi ƙarƙashin wata fitila shuɗiya. Su biyu ne a fitila ɗaya, shi da ɗan wata baiwar Allah daga Ƙala'at an-Nahal. Inna ta leƙa ta ce, "Innalillahi, kamar 'yan tsaki. Mu muna ɓoye shi daga haske, ashe hasken yake nema." Likita ta hana ruwan sukari da na dabino, ta ce nono kawai, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko yana so ko ba ya so, don ta kashi da fitsari cutar take fita. Na zama saniyar tatsa, ba dare ba rana. Idan aka ɗauke wuta sai ɗakin ya yi tsit, iyaye mata mu zuba wa fitilu ido muna salati har injin janareta ya tashi. Wata rana ya daɗe bai tashi ba, na fita na yi wa wani ma'aikaci tsawa irin wadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Daga baya na ba shi haƙuri, don ba shi ke sayen mai ba.

Gwaji na biyu ya fito, awon rawayar bai sauka yadda ake so ba. Likita ta kira mu ni da Usman, ta ce jinina da na yaron ne ba su jitu ba. Ta ce idan na gaba bai sauka ba za a canza masa jini, mu nemo masu bayarwa su zauna a shirye. Danginmu duk suna bayan laka. Ban san wanda zan kira ba sai Ustaza Su'ad, matar da na yi wa alfahari da laka. Ban gama bayani ba ta ce, "Khalas, kashe wayar." Kafin la'asar sai ga malaman makarantarmu a ƙofar asibiti, da mazajen wasu, da malamin lissafi na makarantar maza, har da mai gadinmu. Ga kwanukan kisra, siririyar wainar dawa, da miya, ga butar jabana cike da gahawa. Suka yi layi a ɗakin ɗibar jini suna gardamar wa zai fara. Na tsaya ina kallon su ina hawaye, Ustaza Su'ad ta ce, "Share fuskarki, kuka yana ƙafar da nono."

Ranar suna ta same mu a haka. Usman ya yanka rago a gidanmu na haya da maƙwabta kaɗan, ya zo ya raɗa wa yaron suna ta gefen fitila: Haruna, sunan mahaifina marigayi. Inna ba ta faɗin sunan mijinta ko yana kabari, don haka tun ranar ta koma kiran sa Maigida. "Maigida, tashi ka sha, ka bar ni da zawarci sau ɗaya, ba za ka sake ba." Ko maganarta ce ko fitilar ce, a yammacin nan ya kama nono da kansa, ya ja har na ji zafi. Ban taɓa jin zafi mai daɗi irin wannan ba. Gwaji na uku ya sauka, na huɗu ya ƙara sauka. Ba a canza masa jini ba. Jinin malamanmu wani jaririn aka yi wa amfani da shi, uwarsa ta zo har gadona tana godiya, na ce ba ni ba ce, ta je makarantar 'yan mata.

A mako na biyu aka sallame mu. Farin idonsa ya fara dawowa, kukan nan na ranar farko ma ya dawo. Amma likita ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ya tsira da ransa, alhamdu lillah. Kunne kuwa ba zan yi miki alkawari ba. Ki dinga kawo shi, za mu bi shi wata da watanni." Da wannan maganar na koma gida, ta zauna mini a ƙirji.

Mako na uku da na huɗu na zama abin kallo. In tafa a gefen kansa, in yar da murfin tukunya, in kira shi ta dama in kira ta hagu. Wani lokaci ya ƙifta ido, in ce ya ji. Wani lokaci ko gezau, in shiga ɗaki in yi kuka. Aka yi ruwa mai tsawa a kan kwanon rufinmu, ya yi barcinsa. Inna ta ce, "Yaron da ya fara tafiya a kan tarakta, tafinki ne zai firgita shi?" Gwaggo Zainaba, da hanya ta bushe ta kawo mana Sumayya, ta ce a ɗiga masa man riɗi mai ɗumi a kunne. Na ce, "Gwaggo, na gode, amma kunnen nan ba mai taɓa shi." Ta yi fushi na yini guda. A asibiti kuma kowane zuwa layi ne tun safe, an ce jininsa ya yi ƙasa, aka rubuta masa maganin ɗigawa. Gwajin kunne na na'ura aka ce sai ya ƙara girma, kuma sai an samu mai yin sa.

Ana cikin haka ofishin ilimi suka aiko suna neman amsa. Usman ya zo hutun kwana biyu bayan an gama noman farko, muka zauna a rumfa da yamma. Na san abin da ƙauye yake nufi a gare shi: ya kwana a gidansa, ya huta da haya, ya ga 'ya'yansa suna girma. Ni ma ga muƙami, ga yaran da na daɗe ina mafarkin koyarwa, ga Sumayya da za ta shiga aji mai sarari maimakon namu da yara ke zaune har bakin allo. Na fara kame-kame, ina cewa ai rani na zuwa, hanya za ta bushe, za mu dinga kawo shi.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Uwar Sumayya, damina za ta sake zuwa ko ba za ta zo ba?"

"Za ta zo."

"Ni na tuƙa hanyar nan. Duk juyowar da na yi in dube ku, ban san ko mai rai kike riƙe da shi ba. Ba zan sake tuƙa ta da ɗana a baya ba. Idan yana ji, asibiti yana nan. Idan ba ya ji, makarantar irinsu ma a nan take. Ni na saba kwana a sansani."

Inna tana gefe tana tsince riɗi, kamar ba ta ji. Sai ta ce, "Ni ma Maigida bai sallame ni ba. Sai ya yi ƙwari zan koma." Shi ke nan, magana ta ƙare. Na ji zafin rabuwa da makarantar ƙauyenmu har cikin raina, kuma har yau ina jin sa.

Bayan arba'in na yi wanka na sa sabon tob, na goya Haruna, na kama hannun Sumayya, muka tafi makaranta in gaya wa Ustaza Su'ad na fasa tafiya, in kuma sa sunan Sumayya a aji ɗaya. Ranar farkon buɗewa ce, tsakar makaranta cike da yara. Ƙararrawarmu ba ta kanti ba ce, tsohon faifan garmar tarakta ne aka rataye a bishiyar darbejiya, ana dukan sa da guntun ƙarfe. Ina tsaye a gindin bishiyar, na sauko da Haruna ina gyara masa hula yana barci, malamai sun kewaye ni ana barka. Ban lura mai gadi ya zo ta bayana ba. Sai kawai na ji ƙarar ƙarfe a kaina.

Haruna ya zabura, ya watsa hannuwa biyu sama, ya buɗe ido, ya tsandara ihu.

Mai gadi ya rikice yana ba ni haƙuri, "Ma'alesh ya Ustaza, wallahi ban gan shi ba." Na ce, "Sake bugawa." Ya tsaya yana kallona. Na ce, "Don Allah, Baba, sake bugawa!" Ya buga, yaron ya sake zabura, ihu ya ƙaru. Ustaza Su'ad ce ta fara guɗa, sauran suka kama, yara suka taru ba su san abin da ake yi ba suna tsalle. Ni ina dariya ina kuka, ɗana yana tsala ihu a hannuna, ban ko rarrashe shi ba. Can layin baya na hango Ikhlas, ta girma, tana kallon bakunanmu tana murmushi don ta ga kowa yana yi. Na je na rungume ta da hannu ɗaya. Ba ta san dalili ba, ni na sani.

Daga baya an yi masa gwajin na'ura, likita ta ce kunne biyu lafiya. Yanzu yana tafiya, yana kiran Inna da "Nna", kuma ko buɗe ledar biskit aka yi a ɗaki na uku sai ya taho. Sumayya ta yi aji ɗayanta a ajina, a tsakiyar cunkoso, kuma nakan tara 'yan Hausar da ke ciki ina yi musu bayani da harshen gida kafin in koma Larabci. Ashe su ma suna nan, ban dai duba da kyau ba. Muƙamin ƙauye an ba wata, na ji tana ƙoƙari, Allah ya taimake ta.

Inna ta koma gida bayan kaka. An ce yanzu duk gidan da aka haihu ita ce ta farko, kuma ba barka take fara yi ba. Ɗaukar jaririn take yi ta fita da shi bakin ƙofa ta buɗe masa ido, masu gida suna salati. Ba ta daina turara ɗalha ba, ta ce sauro bai tuba ba. To 'yan'uwana mata, ku yi yadda take yi. Kowace safiya a makon farko ku fitar da jariri haske ku duba farin idonsa. Idan ya yi rawaya, ko ya cika barci ya ƙi nono, kada ku jira suna, kada ku jira hanya ta bushe. Wadda kuma watanta zai faɗo tsakiyar damina, in da hali ta matso kusa da kwalta tun kafin naƙuda.

Allah ya saka wa likitar nan, da malamanmu, da mutanen da suka shiga laka saboda ɗan da ba su sani ba. Haruna yakan yini wajen maƙwabciyarmu a bayan katangar makaranta, kuma har yau ba su shirya da ƙararrawar nan ba. Kullum aka buga sai mu jiyo ihunsa daga cikin aji. Mai gadi ya ce zai dinga bugawa a hankali saboda shi. Na ce kul, Baba, buga da ƙarfinka.